Mai Kimanta Asara: Sana'ar da Ake Farawa Bayan Wuta Ta Mutu

Idan gobara ta tashi a kasuwa ko a unguwa, mutane kashi-kashi ne ke zuwa, kowa da lokacinsa. 'Yan kwana-kwana da samari masu bokiti su ne na farko. Kafin hayaƙi ya lafa 'yan jaje sun iso, ana ta "Allah ya mayar da alheri." In abin babba ne, tawagar gwamnati ta zo da jiniya a yi alkawari a tafi. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu, da 'yan kallo suka watse, za ka ga wani mutum ya sauko daga mota da takalmi mai kauri, hular kwano a hannu, tef ɗin awo a aljihu, ga tocila ga littafi. Wannan shi ne mai kimanta asara, wanda kamfanin inshora ke turowa ya gano abin da ya tayar da wutar, ya ƙirga abin da ta ci, ya faɗi nawa ya kamata a biya.

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganinsa ba, dalilin kuwa a fili yake. Duk kuɗin inshorar da ake tarawa a Najeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar ba, a Arewa kuma abin ya fi haka ƙaranci. Lokacin da wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, mafi yawan 'yan kasuwar jaje da gudummawa kawai suka jira, domin babu takardar da za a zo a duba. Aikinsa ya fi yawa a masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, da manyan sito-sito, da gidajen mai, da otal-otal, da gidajen da aka saya da bashin banki, inda banki ke tilasta yin inshora kafin ya saki kuɗi. Dokar Inshora ta 2003, kafin a sauya ta a 2025, ta wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke shiga, da kuma duk ginin da ake kan yi mai hawa fiye da biyu, amma kowa ya san yadda ake bin irin wannan doka a ƙasarmu.

Ba a shiga sana'ar kai tsaye daga makaranta. Yawancin masu yinta da wani fannin suka fara: wani injiniya ne, wani akanta, wani kuma mai ƙididdigar kayan gini. Sai mutum ya shekara da shekaru yana riƙe wa babba tef, yana ɗaukar hoto, yana rubuta abin da aka faɗa, kafin a sake masa aiki shi kaɗai. Kamfanin da yake wa aiki sai da lasisin NAICOM, hukumar da aka kafa a 1997 don sa ido kan harkar inshora, su kuma suna da ƙungiyarsu da ake kira ILAN. Yawancin manyan ofisoshinsu a Legas suke, shi ya sa wanda ke zaune a Kano ko Kaduna kan kwana a hanya, yau Gusau, jibi Yola.

Kayan aikinsa iri biyu ne, takarda da toka, kuma takarda yake fara karantawa tun bai bar ofis ba. Abu na farko, an biya kuɗin inshorar bana? Doka ta ce in ba a biya ba, babu kariya, ko da mutum ya shekara goma yana biya sai bana ya makara. Sannan ya duba adireshi, domin kayan da aka yi wa inshora a sito na Kantin Kwari, in aka kwashe su zuwa wani ɗaki a Fagge ba a sanar ba, sun fita daga yarjejeniya. Sannan ya duba irin masifar da aka rubuta: gobara ce kaɗai, ko an haɗa da ambaliya da guguwa da tarzoma da fasa gida. Sau da yawa kafin ya kunna mota ya riga ya san labarin da zai kai mai daɗi ne ko marar daɗi.

Idan ya isa, wanda ya san aikinsa ba ya fara da tambayar rasit. Mutumin da ke gabansa bai yi barci ba, wataƙila rigar da ke jikinsa ta aro ce. Sai an gaisa, an yi jaje, "Alhaji, ya muka ji da wannan al'amari? Allah ya kiyaye gaba," sannan a hankali ya nemi a ba shi labarin daren daga farko: wa ya rufe shago, ƙarfe nawa, an kawo wuta ko janareto ake amfani da shi, wa ya fara ganin hayaƙi, ta wace kusurwa. Zai ji daga bakin mai gida, ya ji daga bakin maigadi, ya ji daga bakin maƙwabci, kowa daban. Zai kuma nemi rahoton hukumar kashe gobara da na 'yan sanda.

Daga nan sai karatun kango, wanda a ganina shi ne wuri mafi daɗin kallo a duk sana'ar. Yakan fara daga inda ɓarnar ta fi sauƙi, ya bi ta har inda ta fi muni, domin galibi can ne wutar ta fi daɗewa. A bango akwai tabon hayaƙi, tsukakke daga ƙasa yana buɗewa zuwa sama, gindinsa kan nuna inda aka faro. Yakan soka ƙusa a katakon rufi ya ga zurfin gawayin. Firam ɗin taga na alminiyam yana narkewa a digiri 660, saboda haka ganinsa a zube a ƙasa ba abin mamaki ba ne. Amma jan ƙarfen da ke cikin wayar lantarki sai zafi ya haura digiri 1,000 yake narkewa, don haka idan ya tona toka ya ga bakin waya ya dunƙule ya yi ɗan ƙwallo mai sheƙi, ya san an yi tartsatsi a nan. Sabon shiga nan take zai rubuta cewa wayarin ne. Tsohon hannu kuwa sai ya dakata, don ya san wutar da ta taso daga wani wuri ma in ta cinye robar waya mai ɗauke da lantarki, irin wannan ƙwallo take bari. Kankare kuma yakan sauya launi ya yi ja-ja idan ya sha zafi sosai. Zai ƙwanƙwasa ginshiƙi da guduma ya saurari ƙarar, daga nan ya san ko filasta kawai za a sake ko sai an rushe.

Ƙirga kayan kasuwa ya fi ƙirga gini wuya, musamman a wajenmu da ciniki ke tafiya da baki da amana. Ɗan kasuwa mai juya miliyoyi za ka tarar duk lissafinsa a littafi ɗaya yake, littafin kuma a aljihun teburin shagon yake kwana, ya ƙone tare da kayan. A nan mai kimantawa ke bin sawu ta wasu hanyoyi: bayanan asusun banki, takardun masu kawo kaya, takardar motar da ta sauke lodi, har hotunan da yaron shago ya tura wa abokan ciniki ta WhatsApp. Tokar ma tana magana. Dilar atamfa da aka matse da inji ba ta ƙonewa ƙurmus. Bayanta ne ke zama gawayi, cikinta ya yi kwanaki yana ci a hankali, ƙarfen da aka ɗaure ta da shi kuwa yana nan. Wanda ya ce diloli ɗari biyu ya rasa, dole a ga ragowar diloli ɗari biyu. Tef ɗin awo kuma ba ya jin kunyar kowa: a auna tsawon ɗakin da faɗinsa da tsayinsa, a auna dila guda, a ga ko abin da aka faɗa zai iya shiga.

Ba kullum ƙarya ce ke sa mutum ƙara adadi ba. Wani tsoro ne, ya ji an ce kamfani zai rage, sai ya ƙara tun da wuri kamar mai tayin saniya a kara. Wani kuma da farashin da yake sayarwa ya yi lissafi, alhali da farashin sari ake biya, ban da ribar da ya sa rai. Mai gaskiya a sana'ar yana bambanta waɗannan da wanda ya kwashe kayansa da daddare sannan wuta ta tashi da asuba. Irin na ƙarshen akwai su, su ne kuma suka ja wa kowa tambayoyin da ke ɓata rai.

Inda aka fi zubar da hawaye shi ne wajen abin da ake kira ƙa'idar rabon asara. Misali, mutum ya yi wa gidansa inshorar naira miliyan 20 shekarun baya, yana ta sabuntawa a kan wannan adadi don kada kuɗin shekara ya ƙaru. Wuta ta cinye rufi da ɗakuna biyu, gyara zai ci miliyan 10. Shi a lissafinsa goma ba ta kai ashirin ba, ai sai a biya shi duka. Mai kimantawa kuwa zai zauna ya lissafa nawa za a kashe a sake gina gidan gaba ɗaya a farashin yau: bulo, siminti, rodi, katako, kwano, silin, wayarin, ladan magina. In ya tashi miliyan 40, to rabin gidan kawai aka yi wa inshora, ɗaya rabin mai gida ne ya ɗauki nauyinsa da kansa ba tare da ya sani ba. Saboda haka miliyan 5 za a ba shi, a cikinta ma a cire ɗan kason farko da yarjejeniya ta ce mai gida ne zai ɗauka. In kuma takardarsa ba ta ce sabo za a mayar masa ba, sai an rage kuɗin tsufa, don kwanon da ya shekara goma sha biyar yana shan rana ba a biyansa da kuɗin sabo.

Wannan ƙa'ida ta daɗe, amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta fara cizo da gaske. Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wasu garuruwa a farkon 2024. Mutum bai yi ƙarya ba, bai ɓoye komai ba, kasuwa ce kawai ta gudu ta bar takardarsa a baya. A nan ni laifin dillalai da wakilan kamfanoni nake gani fiye da na masu gida. Wanda ke zuwa karɓar kuɗin sabuntawa duk shekara, ya kuma ci kamashonsa a ciki, shi ya kamata ya zaunar da mutum ya gaya masa da Hausa cewa adadin nan ya yi kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ai sai an gaya wa mutum akwai tafiyar. Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya ɓangaren, su haɗa har da kuɗin fili a adadin, su yi ta biyan kuɗin banza, alhali fili ba ya ƙonewa.

Sai kuma abubuwan da aka keɓe, waɗanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe cikin Turancin lauyoyi. Gidan da aka rubuta na zama ne, daga baya aka fasa bango aka fitar da shago, ko aka mayar da zaure wurin ajiye jarkokin fetur, kamar yadda mutane da yawa suka yi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, in ba a sanar da kamfani ba yana da hujjar ƙin biya. Gidan da aka kulle aka bari babu kowa fiye da wa'adin da takarda ta ɗiba, galibi kwana 30, shi ma haka. Firij ko talabijin da ya ƙone don an kawo wuta da ƙarfi, shi kansa ba a biyansa a inshorar gobara ta yau da kullum, sai dai abin da wutar ta kama bayan ta fita daga cikinsa. Ruwan 'yan kwana-kwana da ya jiƙa kaya ana biya, ƙofar da aka ɓalle don a kai ga wuta ana biya. Amma kayan da ɓata-gari suka yi awon gaba da su ana tsakiyar hayaniya, da sunan taimako, yawancin takardun gobara sun cire su. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ya san wannan asarar ba ƙarama ba ce.

Ruwa ma yanzu ya zama abokin lissafi. Kantin Kwari ya sha ambaliya a daminar 2022. Kasuwar Monday Market ta Maiduguri ta ƙone a watan Fabrairun 2023, sannan a watan Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye birnin har da ita kasuwar. Wanda ya ɗauki darasi daga gobarar ya yi inshorar gobara kaɗai, ambaliyar ba ta shafi takardarsa ba, domin ambaliya ƙari ce da ake nema a biya mata kuɗi daban. A aikin ambaliya mai kimantawa yakan fara da auna layin da ruwa ya bari a bango, ya duba ko an ɗora kayan a kan katako kamar yadda wasu takardu ke sharɗantawa, ko a ƙasa aka jibge su.

Tambayar "na wa ne?" ita ma takan ci lokaci. Inshorar mai gida ta gini ce, gado da kujeru da kayan ɗakin matar ɗan haya ba sa ciki, sai in shi ɗan hayan ya yi tasa. Gidan gado da ba a raba ba, wanda babban wa ya yi wa inshora da sunansa shi kaɗai, ranar biya sai magada su taso. Gidan da ke kan bashi, banki ne ke fara karɓar nasa. Kayan da aka ba ɗan kasuwa ya sayar ya kawo kuɗi, ko aka ajiye a wajensa amana, in ba a ambace su a takarda ba, ga asara ga bashi.

Bayan duk wannan sai ya koma ya rubuta rahoto: musabbabi, abin da yarjejeniya ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba, jerin kaya ɗaya bayan ɗaya da farashin da ya je kasuwa ya tabbatar, hotuna, da adadin da yake ba da shawarar a biya. Wannan rahoto shi ne hajarsa. Ragowar kaya ma suna da kasuwa: ƙonannen kwano da rodi masu sayen tsofaffin ƙarafa ne ke ɗauka a kan sikeli, turamen atamfar da hayaƙi ya taɓa ko ruwa ya jiƙa a yi gwanjonsu, a cire kuɗin daga lissafi. In mai asara ya amince da tayin, sai ya sa hannu a takardar sallama. Dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 daga nan ya biya, sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta ƙara tsaurara batun jinkiri. Wanda bai gamsu ba yana iya ƙin sa hannu, ya kawo nasa ƙwararren, ko ya kai ƙara sashen koke-koke na NAICOM. Mutane da yawa ba su san suna da wannan dama ba.

Ladan mai kimantawa daga kamfanin inshora yake fitowa, mai asara ba ya biyan ko sisi. Ana lissafa shi ne a kan girman asarar, kason yana raguwa yayin da adadi ke ƙaruwa, sannan a mayar masa da kuɗin mota da masauki. Sai dai shi ke fara kashewa daga aljihunsa, man mota, otal, wani lokacin har kuɗin injiniyan da zai gwada ginshiƙi, sannan ya jira watanni kafin a biya shi. Masu sana'ar sun daɗe suna kokawa cewa ma'aunin ladan ya tsufa. Gobarar masana'anta guda tana iya riƙe ofis rabin shekara, ƙananan ayyuka goma kuwa da ƙyar su mayar da kuɗin mai. Ga shaƙar toka da hayaƙin roba, ga bangon da ya sha wuta yana jiran iska ta ture shi, ga hanyoyin da yanzu sai da addu'a ake binsu.

Mafi nauyi dai shi ne tsayuwa tsakanin mutum biyu da kowannensu ke zarginsa. Mai asara na ganin yaron kamfani ne da aka turo ya rage masa haƙƙi. Kamfani kuma in adadi ya yi yawa sai ya fara tunanin ko an haɗa baki. Za a ja shi gefe a ce, "Malam, a duba mana, in ta fito ba za mu manta da kai ba." Ta ɗaya gefen kuma babu mai faɗa masa a fili, amma ya san wanda rahotonsa ke yawan fitowa da nauyi ba a cika sake kiransa ba. Jarinsa kaf sunansa ne, kuma harkar ƙarama ce, kowa ya san kowa.

Da yawa a Arewa sun guji inshora ne saboda malamai sun yi magana a kan riba da garari da kamannin caca da ke cikinta. Takaful ta zo ne don amsa wannan. A Sudan aka kafa kamfanin farko a 1979, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016. A tsarinta abin da mutum ya zuba gudummawa ce ga asusun taimakon juna, kamfani wakili ne mai karɓar ladan kulawa, in an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Amma can ma mai kimantawa ɗin nan za a turo, da tef ɗinsa da gudumarsa, ƙa'idar rabon asara kuma tana nan daram. Bambancin shi ne duk dilar da aka ƙara a lissafi, daga rabon sauran 'yan asusun aka ɗebe ta.

Mai karatu, in kana da irin wannan takarda a gida, ko ta inshora ko ta takaful, ɗauko ta ka duba adadin da aka rubuta, sannan ka tambayi magini nawa zai gina maka irin gidan a farashin yau. In lissafin biyu ya yi nisa da juna, ka je ofishinsu a gyara kafin iskar hunturu ta kaɗa. Rasit da littafin shago kuma a ɗauke su a hoto, a daina barinsu suna kwana ɗaki ɗaya da kayan.